Horar da likitocin ciwon daji da cututtukan jini a Najeriya: matakan da ake bi da inda hanyar ke cijewa

A watan Yulin 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu ciwon daji guda uku, ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sauran biyun a asibitocin koyarwa na Inugu da Benin. Su ne rukunin farko daga cikin shida da aka yi alkawari, ragowar kuwa na Zariya da Jos da Legas ne. Ga mutumin Daura ko Funtuwa da ya saba jin cewa sai an dangana da Zariya ko Abuja kafin a sami na'urar gashi, wato mai ƙona ƙarin daji da haske, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Bayan 'yan watanni kuma, a ranar 1 ga Nuwamba, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD ta tsunduma yajin aikin da ya ɗauki kusan wata guda, tana kuka da bashin albashi da alawus, da tsawon sa'o'in aiki, da ƙarancin ma'aikata. Mai sauraron rediyo yana iya ɗaukar labaran biyu a matsayin abubuwan da babu ruwan wani da wani, alhali waɗanda suka ajiye aiki a watan Nuwamba daga cikinsu ne ake sa ran samun waɗanda za su riƙe cibiyoyin da aka buɗe a watan Yuli.

Su wane ne waɗannan likitoci

A bakin jama'a duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin awon ƙirji likita ne, amma a cikin gida akwai hawa-hawa. Wanda ya gama makarantar likitanci ya karɓi lasisi daga hukumar kula da likitoci ta ƙasa, yana duba zazzaɓi da hawan jini da masu naƙuda, shi ne likitan gama-gari. Idan yana son ya goge a fanni guda, sai ya nemi gurbi a asibitin koyarwa, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin manya, yana duba marasa lafiya, yana karatu, yana zana jarrabawa. Wannan shi ne likita mai neman ƙwarewa. Ma'aikaci ne mai albashi, kuma a yawancin asibitocin koyarwa shi ne wanda majinyaci zai gani da ƙarfe biyun dare. Idan ya ci jarrabawar ƙarshe sai ya cancanci zama ƙwararre, wanda a asibiti ake kira konsoltan, mai yanke hukuncin ƙarshe a kan jinya, mai kuma horar da na bayansa.

Likitan jini shi ne mai kula da sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, da ƙarancin jini mai wuyar ganewa, da cutar rashin daskarewar jini, da daskarewar jini a cikin jijiya, da sha'anin ƙarin jini da ma'ajiyarsa. A hannunsa kuma sankarar jini take, da ta kaluluwa, da ta ɓargo. Likitan ciwon daji kuwa, ko likitan kansa kamar yadda aka fi faɗa a birane, yawanci da ƙari mai tsirowa a sassan jiki yake fama: na mama, na bakin mahaifa, na hanta, na hanji, da na furostet a jikin maza. Hanyoyi uku ne manya na yaƙar irin wannan ƙari, wato tiyata, da magani mai ƙarfi da ake kira kemo, da gashi da hasken na'ura, kuma kowace hanya tana da irin horon da take buƙata.

Abin da ya sa ake ambaton fannonin biyu tare yana cikin jikin ɗan Adam ne. A cikin ɓargo ake ƙera jini, kuma maganin kemo yana kai hari ne ga duk ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa, don haka ɓargo na cikin waɗanda ke fara jin jiki. Likitan da ba ya iya karanta takardar gwajin jini ya gane halin da ɓargo ke ciki ba shi da hurumin ba da kemo. Alaƙar tana aiki ta ɗaya gefen ma: maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila domin rage yawan tashin ciwo, asalinsa maganin kansa ne, sai a 1998 Amurka ta amince a riƙa ba manya masu sikila.

Tsarin Amurka, tsarin Ingila, da wanda Najeriya ta gada

A kan cututtukan jini aka fara gwada maganin kansa na zamani. A 1942 likitoci a Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada wani sinadari, ɗan'uwan iskar gubar yaƙi, a kan mai sankarar kaluluwa, sannan a ƙarshen shekarun 1940 Sidney Farber ya nuna a birnin Boston cewa magani yana iya danne sankarar jinin yara na ɗan lokaci. Tun da likitocin jini ne suka fara sanin makamar waɗannan magunguna, sai Amurka ta ɗaure fannonin biyu wuri guda. A can likita yakan yi shekara uku yana koyon cututtukan cikin jiki na manya, sa'an nan ya ƙara wasu uku a horo mai zurfi na jini da kansa a haɗe. Likitan gashi kuwa hanyarsa daban ce, ta shekara biyar, kuma ba shi ne ke rubuta kemo ba.

Ingila ta bi wata hanyar. Likitan jini a can ƙafa biyu gare shi, ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya a ɗakin marasa lafiya. Akwai kuma likitan kansa da ke haɗa gashi da kemo a hannu ɗaya, wanda horonsa ke ƙarƙashin kwalejin likitocin ɗaukar hoton cikin jiki, ban da wani rukuni na daban da ya keɓanta ga magani zalla. Najeriya wannan tsari ta gada, amma ba ta gaji cikonsa ba. Likitan jini a nan yana fitowa ne daga tsangayar binciken cututtuka ta ɗakin gwaji, likitan gashi da kemo kuwa tun asali daga tsangayar hoto yake fitowa, rukunin masu magani zalla kuma 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Wannan ne ya sa mai sankarar jini da mai sankarar mama, ko da kemo za a ba su duka biyun, sukan bi layi a ƙofofi biyu daban, yaro mai irin wannan ciwo kuma ya bi ta uku, ta likitocin yara. Shi ne kuma ya sa a asibitocin da babu likitan kansa, likitan tiyata ko na mata ne ke rubuta kemo bayan ya gama aikinsa.

Afirka ba 'yar kallo ba ce a wannan tarihi. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar kaluluwa mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, kuma aikin da Farfesa Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi a Ibadan a shekarun 1960 na cikin waɗanda suka nuna cewa tana jin magani. A ƙasar Hausa kuwa, binciken da Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ya jagoranta a yankin Garki, wanda yanzu ke cikin jihar Jigawa, ya gano a shekarun 1970 cewa kimanin jarirai biyu cikin ɗari da sikila ake haihuwarsu, amma da kyar ake samun mai ita a cikin manya, domin yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya.

Matakan horon da shekarun da yake ci

Manyan kwalejoji uku ne ke ba da shaidar ƙwarewa. Akwai Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja a 1979, mai mazauni a Ijanikin ta jihar Legas. Akwai kuma kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ta likitocin magani da ta likitocin tiyata. Kwalejojin ba su da asibiti na kansu. Aikinsu shi ne tsara manhaja, da tantance asibitocin da za su horar, da shirya jarrabawa sau biyu a shekara.

Lissafin shekarun kuwa kamar haka yake tafiya. Karatun likitanci shekara shida ne idan babu yajin aikin malaman jami'a, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sai shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima. Daga nan sai jarrabawar share fage, wadda da yawa ke zanawa tun suna hidimar ƙasa. Cin wannan jarrabawa ba ya nufin an samu gurbi, sai asibiti ya tallata, kuma akwai masu jiran shekara biyu ko uku a wannan mashigi. Idan an shiga, sai a yi ƙaramin mataki na shekara biyu zuwa uku, wanda jarrabawar kashi na ɗaya ke rufewa, sannan babban mataki na kusan irin wannan tsawon, wanda a cikinsa likita zai rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban manya a jarrabawar kashi na biyu. Wanda komai ya tafi masa daidai zai ƙare cikin shekara 12 zuwa 14 daga ranar da ya shiga jami'a. Faɗuwa sau ɗaya a kowace jarrabawa tana ƙara wata shida, kuma faɗuwar ba baƙon abu ba ce.

Bayan wannan akwai wani hawan da yawanci sai a ƙetare ake samunsa, misali koyon dashen ɓargo. An yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Benin, a hannun tawagar Nosakhare Bazuaye, wanda ya yi horonsa a birnin Basel na Suwizalan, sannan a 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa shirin tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Tazarar shekara 13 da ke tsakanin waɗannan biyun tana nuna wuyar gina tawaga fiye da duk wani jawabi.

Abin da ake koya a cikin waɗannan shekaru

Mai tambayar dalilin da zai sa horo ya ci shekara biyar ko shida, ya kamata ya leƙa ɗakin likitocin jini da safe. Majinyaci yana kwance ta gefe ya naɗe gwiwoyinsa, likita mai neman ƙwarewa ya laluba bayan ƙashin ƙugu da ɗan yatsa, ya yi allurar kashe zafi, sa'an nan ya murza wata allura mai kauri har ta ratsa ƙashi, ya zuƙo ɗan ɓargo. Kafin ɓargon ya daskare dole a shafa shi a kan gilasai sirara, a rina, a kai gaban madubin ɗakin gwaji. A nan ne ainihin karatun yake. Babban likita zai zauna a gefe ɗaya na madubi mai ido biyu, ƙaramin a ɗaya gefen, ana ƙirga ƙwayoyi ana bambanta wadda ta nuna da wadda ba ta nuna ba, domin sankarar jini iri-iri ce, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Irin wannan ido ba a samunsa daga littafi, sai an ga ɗaruruwan gilasai tare da wanda ya riga ya gani.

Haka abin yake a ɓangaren kemo. Ana auna tsawon majinyaci da nauyinsa a fitar da adadin maganin, ana duba ƙoda da hanta da zuciya, kuma sau da yawa akan maimaita shi duk bayan mako uku. Tsakanin kwana na bakwai da na sha huɗu bayan an sha, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan yi ƙasa sosai, kuma zazzaɓin da a wani lokaci za a ce na cizon sauro ne a sha magani a kwanta, a wannan mako yana iya kashe mutum cikin kwana guda. Sanin lokacin da za a ɗage kemo, da lokacin da za a rage shi, da lokacin da za a dakatar da shi gaba ɗaya a koma ga rage wa mutum raɗaɗi, shi ne rabin ƙwarewar. Likitan gashi kuma sai ya koyi zana iyakar ƙari a kan hoton kwamfuta, ya kare laka da ƙoda da hanji daga haske, yana aiki tare da masanin kimiyyar haske da mai sarrafa na'ura, waɗanda su ma horonsu daban ne kuma ƙarancinsu bai gaza na likitoci ba.

Akwai wani darasin da jarrabawa ba ta cika auna shi ba, wato faɗa wa mutum gaskiyar ciwonsa. A ƙasar Hausa sau da yawa miji ko babban ɗa ne ke tare likita a baranda ya roƙe shi kada a gaya wa mai ciwon, kuma babu daidaitattun kalmomin Hausa ga abubuwa da yawa na wannan fanni. Likitan da ya taso cikin harshen yana da wata dama a nan wadda baƙo ba shi da ita.

Inda hanyar ke cijewa

Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa Najeriya na samun sababbin masu ciwon daji kimanin 127,000 a shekara, kuma kusan 80,000 ke mutuwa. Kimanin rabin masu wannan ciwo suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Idan aka bi ma'aunin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, na likitan gashi ɗaya ga sababbin majinyata 200 zuwa 250 a shekara, ƙasar na buƙatar aƙalla 250, alhali ƙungiyoyin likitocin fannin sun sha faɗin cewa waɗanda ke aiki a cikin ƙasa ba su kai 100 ba. A ɓangaren jini kuwa, ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi a duniya.

Matsala ta farko ita ce ta gurbi. Kwaleji ba ta barin asibiti ya ɗauki masu neman ƙwarewa yadda ya ga dama, yawan da za a ba shi ya danganta ne da yawan ƙwararrun da yake da su da kayan aikin da ke tafiya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: sashen da ke da konsoltan ɗaya ba zai yaye mutum goma ba, kuma idan wannan ɗayan ya tafi, ba majinyatansa kaɗai suka yi rashi ba, har izinin horarwa na sashen yana iya salwanta. Ko an samu izinin kwaleji, asibitin tarayya sai ya jira amincewar Abuja kafin ya ɗauki ma'aikaci, wanda ya sa NARD ta daɗe tana neman a ba shugabannin asibitoci damar maye gurbin duk wanda ya tafi nan take.

Ta biyu ita ce na'ura. Ba a koyon gashi a kan allo, kuma idan na'urar asibiti ta tsaya wata shida, horon ma ya tsaya, sai dai a tura likita wani gari ya ci gaba, galibi da kuɗin hayar ɗaki daga aljihunsa. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, wadda ta malale asibitin koyarwa har da cibiyar kansa, ta nuna yadda dare ɗaya ke iya mayar da yanki guda baya.

Ta uku kuɗi ne. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017, wadda aka sa wa hannu a 2018, ta ɗora wa gwamnati nauyin horon, kuma daga gare ta ne asusun biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai ya samo asali. Jinkirin biyan wannan kuɗi ya sha fitowa a jerin koke-koken yajin aiki, ciki har da na 2021 da ya ɗauki wata biyu da na 2023. Likitocin asibitocin jihohi kuwa sai jiharsu ta ɗauki dokar ta mayar da ita tata kafin su amfana. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba: fannin jini da na kansa ba su da kasuwar asibiti mai zaman kansa kamar ta fannin mata ko ido, don haka matashin likita mai tunanin yadda zai riƙe gida ba su ne zaɓinsa na farko ba.

Ta huɗu ita ce ficewa. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara biyar, kuma waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne, da yawansu a Legas da Abuja. Ingila da Amurka da Kanada sun fi jan matasa, Saudiyya kuwa ta fi jan waɗanda suka riga suka ƙware, wato masu horarwar kansu.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

A kan yadda za a tsare likitoci a gida, an ga ra'ayi mafi tsauri a watan Afrilun 2023, lokacin da ƙudurin ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya tsallake karatu na biyu. Ƙudurin ya nemi a hana likita cikakken lasisi har sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara biyar. Masu goyon baya sun ce da kuɗin talakawa ake sauƙaƙa karatun likitanci a jami'o'in gwamnati, don haka dole talakawa su ci moriyarsa. Ƙungiyoyin likitoci sun ce injiniya da lauya ma a jami'o'in suka yi karatu ba a ɗaure su ba, kuma mai riƙe da rabin lasisi ba zai iya shiga horon ƙwarewa yadda ya kamata ba. Ƙudurin bai zama doka ba. A watan Agustan 2024 gwamnati ta fito da manufar ƙasa kan hijirar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga jan hankali da kyautata yanayin aiki da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗibar ma'aikata. Ta kuma faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci. Hujjar gwamnati ita ce idan an yaye da yawa, ko wasu sun tafi wasu za su rage. Masu suka suna cewa ƙofar shiga aka faɗaɗa, ta horon ƙwarewa tana nan yadda take, kuma a wannan batu lissafin gurabe yana tare da su.

Akwai kuma muhawara ta cikin gida a kan siffar likitan da ya kamata a horar. Wasu na ganin lokaci ya yi da za a ware fannin maganin kansa zalla kamar yadda Amurka ta yi, domin sababbin magunguna masu bin takamaiman lahani a ƙwayar halitta da masu zaburar da garkuwar jiki sun yi yawan da mutum ɗaya ba zai haɗa su da ilimin gashi ba. Wasu kuma na cewa a ƙasar da jiha sukutum ba ta da likitan kansa ko ɗaya, mai iya aiki biyu ya fi amfani, kuma raba fannin zai ƙara tsinka 'yan tsirarun masu horarwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai na farko ya fi dacewa da Legas da Abuja, na biyu kuma da Gusau da Damaturu.

Batun tura likitoci ƙetare ma bai rasa masu ja ba. Horon shekara ɗaya a Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu ko Turai yana buɗe wa likita ido a kan abin da babu shi a gida, amma wani kan dawo ya tarar babu kayan da zai yi aikin da ya koyo, wani kuma ba ya dawowa. Jamhuriyar Nijar misali ce ta kusa a nan: kafin cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara gashi a 2021 da tallafin hukumar nukiliya ta duniya, sai da aka fara tura ma'aikata ƙasashen waje suka yi horo, domin babu inda za su koya a gida. Ra'ayi na ƙarshe shi ne na ba likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya gajeren horo, su riƙa ba da kemo mai sauƙi da kula da masu sikila a manyan asibitocin jihohi, ƙwararre yana sa ido daga nesa ta waya ko intanet. An yarda cewa wannan yana rage wa majinyaci tafiya, abin da ake jayayya a kai shi ne wanda zai ɗauki alhaki idan an yi kuskuren awon magani.

Abin da ke isowa ga majinyaci

A ɗauki misalin matar da ta ji ƙullutu a mama a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Kafin a fara mata magani sai likitan tiyata ya ɗebi tsoka, sai likitan binciken tsoka ya duba ya faɗi irin ƙarin, sai likitan hoto ya gano ko ya bazu, sannan likitan kansa ya tsara jinya. Duk inda ɗaya daga cikin huɗun nan ya yi ƙaranci, makonni ne ke tafiya, kuma yawancin masu ciwon daji a Najeriya dama sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti. Idan gashi ya kama, kwana biyar ake yi a mako har tsawon makonni, wanda ke nufin kuɗin mota da na masauki da na abinci ga ita da mai jinyarta. Cibiya a Katsina tana rage wannan nauyi matuƙar akwai likitan da zai tsara gashin a ranar da aka ba ta.

Tallafin kuɗi ma a kan likita yake rataye. Asusun tallafa wa masu kansa marasa galihu da aka fara a 2021 a asibitoci shida, ciki har da na Zariya da na Gombe, ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma ba a shiga cikinsa sai ta hannun asibitin da ke da ƙwararrun da za su tabbatar da ciwon. Masu wata irin sankarar jini mai tafiyar hawainiya sun daɗe da sanin wannan: an yi shekaru da dama ana ba da maganinta, Glivec, kyauta, amma a asibitin koyarwa na Ile-Ife aka riƙa karɓarsa, don haka mutumin Sakkwato ko Maiduguri sai ya ratsa ƙasar kafin ya kai gare shi.

A ɓangaren sikila buƙatar ƙaruwa take yi. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta kafa a 2024 tana tura dubban masu niyyar aure ɗakunan gwaji, kuma sakamakon da ya fito ba daidai ba yana iya rusa aure ko ya haɗa wanda bai kamata ba, alhali likitan jini ne ya kamata ya sa ido a kan ingancin irin wannan gwaji. Masu sikila kuma yanzu suna girma suna aure suna ɗaukar ciki, saɓanin abin da aka gani a Garki shekara 50 da suka wuce, kuma mai sikila mai juna biyu ko mai lalacewar ƙashin ƙugu ta wuce abin da likitan gama-gari zai riƙe shi kaɗai.

Rigakafin cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, zai rage masu wannan ciwo, amma sai waɗannan yara sun kai shekarun da ciwon ke bayyana za a ga tasirinsa a asibiti. Haka ɗalibin da ya shiga ajin farko na likitanci a 2025, cikin waɗanda aka faɗaɗa wa gurabe, ba zai zama konsoltan na jini ko na kansa ba kafin wajejen 2037 zuwa 2039. Daga yanzu zuwa lokacin, waɗanda za su zauna a gaban na'urorin Katsina da Zariya da Jos su ne likitocin da a halin yanzu ke rubuta kundin kashi na biyu, da waɗanda suka ci jarrabawar share fage suna jiran asibiti ya tallata gurbi.